Harbin Farko a Bayan Shagon Curbelo

Zanzaro ne ya jawo mana wannan aiki. Brígido Techera, shugaban ma'aikatan wata babbar gonar kiwo da ke gabas da garinmu, ya yi wata biyu a Tacuarembó ana yi masa aikin gwaiwa, libarbarsa kuwa tana rataye a ƙusa a bangon ɗakinsa, baki a buɗe. Zanzaro ya samu rami mai sanyi, ya yi ta jido laka har ya gama gininsa a cikin bututunta. Da Brígido ya dawo bai leƙa ba. A mako na biyu wata goɗiya ta zurma ƙafa a rami ta karye, aka kira shi ya harbe ta ya hutar da ita. Goɗiyar ta huta, amma bututun bindigar ya kumbura a tsakiya kamar macijin da ya haɗiye kwaɗo.

Ranar da ya kawo ta ina zaune a wurina na kullum, bakin ƙofar shagon Don Atanasio Curbelo, mai gyaran bindigogin garinmu. Shekara goma sha ɗaya ke nan tun da doki ya faɗo mini a ƙafa na bar horar da dawaki, tun daga lokacin kuma wannan kujera ta zama tawa. Ba aikin shagon nake yi ba. Nawa shi ne butar ruwan zafi da ƙoƙon mate, ganyen shayin nan namu mai ɗaci. In zuba, in miƙa wa kowa bi da bi, in ji abin da ake faɗa.

"Casimiro gurgu, har yanzu ba su kore ka ba?" in ji Brígido yana ɗaure dokinsa.

Na ce ina jiran ya kawo mini kujerar da ta fi wannan laushi. Ya karɓi ƙoƙon ya zuƙe, sannan ya warware tsumman da ya naɗe bindigar ya ajiye ta a kan teburi.

Don Atanasio ya ɗaga ta ya duba ta ta hasken taga. Ya ƙwanƙwasa bakin a jikin katako, ɓurɓushin busasshiyar laka ya zubo. Ya ce wa Brígido ashe ya zama mai masauki, ya ba zanzaro ɗaki kyauta, baƙon kuma ya tafi ko sallama bai yi ba. Brígido bai yi dariya ba. Ya ce lokacin haihuwar tumaki ya kusa, aladen daji sun fara zagaya garke, ba zai iya zama hannu wofi ba. Daga nan ya shiga labarin da duk garin ya haddace: wannan libarba ta mahaifinsa ce, kuma ba ta jin maganar kowa sai tasa. Ya taɓa ba likitan dabbobi ya gwada, ya kuskure. Ya ba wani ɗan sanda mai yawan cika baki, shi ma ya kuskure. Ita tana da halinta, in ji shi, sai wanda ya san sirrinta. Ni na sha jin sirrin a bakinsa in ya ɗan sha ya yi daɗi: a auna tafin hannu ɗaya hagu da abin da ake so a samu.

"Kai ka sa mata wannan bututun da hannunka, Don Atanasio," ya ce. "Kai za ka sa mata sabo. Ba na son hannun kowa a kanta."

Yana faɗar haka yana kallon labulen da ya raba shagon da ɗakin baya. Don Atanasio ya cusa hannunsa na dama a aljihun rigar aiki ya ce babu damuwa.

A bayan labulen nan Ondina take, 'yarsa tilo, mai shekara arba'in da huɗu. A sanin mutanen gari tana taimaka wa tsoho ne da goge-goge da shafa mai. Ni da nake zaune a ƙofar na san ba haka ba ne. Shekara shida da suka wuce hannun Don Atanasio ya fara rawa. Da fari sai ya gaji, daga baya ko ƙoƙon mate ya riƙe sai ruwan ya tsiyaya masa a wando. Tun daga lokacin duk wani aiki mai bukatar ido da natsuwa Ondina ce ke yi. Shi ke karɓa a gaba, ita ke gyarawa a baya, shi kuma ya miƙa wa mai kaya ana yi masa godiya. Ba wanda ya ce in rufe bakina. Na dai ga ba nawa ba ne in buɗe.

Kwana uku bayan zuwan Brígido, Ondina ta fito da wata wasiƙa ta miƙa mini. Ni sai da na kai hamsin da biyu na koyi karatu, a ajin manya da malamar makarantar ƙauye ta buɗe mana ranakun Asabar, kuma Ondina kan ba ni takardu in riƙa gwadawa don kada in manta. Ta ce in karanta wannan da ƙarfi ta ji ko na ƙara gudu. Mahaifinta yana zaune a kan benci yana warware wata igiya.

Na fara bi kalma kalma da yatsa. Daga 'yar ƙanwar mahaifiyarta ce a Montevideo. Ta ce mai shagon gyaran kekunan ɗinki da mijinta ke wa aiki yana neman mai hannu, ta ba shi labarin Ondina, ya ce ta zo. Akwai ɗaki a gidansu. Yana so ya ji amsa kafin ƙarshen watan Agusta. Sai da na kai tsakiya na gane ba gudun karatuna ake aunawa ba, amma tsayawa ya fi ci gaba muni, sai na ƙarasa.

Don Atanasio bai ɗago kai daga igiyarsa ba. Ya ce keken ɗinki ba aiki ba ne.

"A can in na gyara abu, ni na gyara, Baba," in ji Ondina. Ta karɓi wasiƙar ta ninke ta koma bayan labule.

Iyakar maganar ke nan. Amma duk mu ukun mun san inda aka tsaya. In ta tafi, shagon ya mutu, don tsohon ba zai iya ɗaura ko ƙaramar kusa ba. In kuma za ta zauna, ba za ta ƙara zama a ɓoye ba.

Sabon bututun ya iso a motar safa ta ranar Talata, a naɗe cikin takarda mai maiƙo, tare da takardar hukuma mai ɗauke da lambarsa. Na karanta lambar, Ondina ta gwada da wadda aka buga a jikin ƙarfen, suka yi daidai. Da rana ta ɗage labulen saboda haske, don haka daga kujerata ina ganin komai.

Kafin ta cire tsohon bututun sai ta kafa bindigar a mamatsin teburi, ta koma baya ta tsaya tana kallo. Akwai wani zare mai ɗan dunƙulen dalma a ƙasa da suke ratayewa a taga don gane miƙewar abu. Ta jawo shi ta daidaita da ɗan tsinin saitin da ke kan bakin bututun. Ta rufe ido ɗaya, ta buɗe, ta sake rufewa. Sannan ta kira mahaifinta.

Shi bututun libarba murɗa shi ake yi cikin gangar jikin bindigar, kamar kusa a cikin noti. Wuyar aikin ita ce a daidai inda ya gama matsewa, dole tsinin saitin ya tsaya cak a sama, inda hannun agogo ke tsayawa da ƙarfe goma sha biyu. Na tsohon bututun nan ya wuce sha biyu. Kaɗan ne, wanda bai sani ba ba zai gani ba, amma a kusa da zaren nan a fili yake.

Ta tambaye shi ko faɗuwa bindigar ta taɓa yi. Ya matso ya kalli zaren. Can ya zauna a kan benci ya ce ba faɗuwa ba ce, shi ne. Shekara talatin da huɗu da suka wuce tsohon Techera, mahaifin Brígido, ya matsa masa lamba yana son bindigarsa kafin kasuwar shanu. Shi kuma lokacin yana ji da kansa, ya ƙi yin haƙurin cirewa da gwadawa, ya gurje kafaɗar bututun fiye da kima a tashi ɗaya. Da ya murɗa sai ya wuce. Ƙarfen da aka gurje ba ya komawa, wani bututun kuma sai an jira wata uku. Sai ya miƙa ta a haka, ya ce wa tsohon Techera kowace bindiga da halinta. Brígido yana saurayi a lokacin, shi ya zauna da ita har ya gano tana jan dama, ya koyi aunawa hagu, ya mayar da abin ya zama abin alfaharinsa.

Ondina ta tsaya tana kallon zaren yana ɗan lilo.

"Ki sa sabon yadda tsohon yake," in ji Don Atanasio, murya ƙasa ƙasa. "Ki bar shi ya ɗan wuce. Zai harba ya samu, ya yi murna ya tafi. Ba wanda zai san komai."

"Kana so in karkata sabon ƙarfe da gangan?"

"Gashi ɗaya ne, 'yata."

"Ba ka koya mini wannan ba, Baba. Ban iya ba."

Ya ce in ta miƙe shi, Brígido zai auna hagu kamar yadda ya saba ya kuskure, kuma bakin Brígido ya fi rediyo nisa. Ranar kasuwar shanu ɗaya ta ishe shi ya gaya wa kowa daga nan har bakin iyaka cewa shagon Curbelo ya lalace. Ta ce ta sani. Ta ɗauki guntayen katakon da suke rungume gangar bindiga da su don kada ta lanƙwashe, ta fara cire tsohon bututun.

Kwana uku ta yi a kan aikin da na san za ta iya gamawa a wuni guda. Da ta fara murɗa sabon da hannu, in ka dube shi ta gaba, tsinin ya tsaya wajen ƙarfe takwas. Sai ta cire, ta shafa wa kafaɗar baƙin hayaƙin kyandir, ta mayar, ta sake cirewa ta ga inda baƙin ya goge. Ta kai shi injin gurzar ƙarfe ta ɗauke abin da bai kai kaurin bawon albasa ba. Ta goge, ta murɗa, ta duba zare. Ƙarfe tara. Ta sake. Na daina ƙirga sau nawa. Wani lokaci sai ta ajiye komai ta fito ta karɓi mate a hannuna, ta tsaya tana kallon titi, sannan ta koma.

Rana ta biyu aka wuni ana ruwa. Kamar yadda kowane gida ke yi in ana ruwa, ta tsaya ta kwaɓa fulawa ta soya mana a kitsen saniya, muka ci da zafi. Don Atanasio ya ci biyu, ya ce gishiri ya yi kaɗan. Ban da wannan bai yi mata magana ba ranar. Amma na lura duk lokacin da injin ya tashi sai ya karkata kunne, in ta tsayar da shi da wuri sai ya gyaɗa kai shi kaɗai.

Rana ta uku da hantsi tsinin ya kai ƙarfe goma sha ɗaya da hannu kawai. Saura murɗawar ƙarshe, wadda ake yi da dogon ƙarfe, ita ce kuma ba ta da gyara in an wuce. Ondina ta goge tafukanta a riga. Mahaifinta ya tashi ba a kira shi ba, ya je ya tsaya a bayan zaren ya rufe ido ɗaya. Hannunsa ne ya lalace, idon yana nan. Ta fara ja a hankali.

"Ƙara," ya ce. "Ƙara kaɗan. Tsaya."

Ta riga ta tsaya kafin ya rufe baki. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Sha biyu," ya koma bencinsa.

Sauran wunin ta yi shi a kan tazarar da ke tsakanin gindin bututun da gidan harsasai mai juyawa, tana zura wani siririn ƙarfe tana ɗagawa a haske, har ta gamsu. Aka aika wa Brígido ya zo ranar Asabar.

A shagon Curbelo akwai ƙa'ida tun zamanin mahaifin Don Atanasio, kuma duk yankinmu an san ta. In aka sa wa bindiga sabon bututu, wanda ya sa shi ke yin harbin farko, da hannunsa, a gaban mai ita. Ba a ɗaure ta a jikin itace a ja kunama da igiya daga nesa kamar yadda ake cewa wasu na yi. In aikin zai fashe, ya fashe a hannun mai aikin. Shekara shida Don Atanasio yana yin wannan harbi a madadin 'yarsa. Yakan jingina hannu a kan turken shinge ya harba cikin tudun ƙasar da ke bayan shagon, ba wanda ke tambayar inda harsashin ya faɗa.

Asabar da safe gari ya yi sanyi, rana ta fito fes. Brígido ya zo da ma'aikatansa biyu, mai gidan burodi da ke maƙwabtaka da mu shi ma ya leƙo da garin fulawa a hannu. Muka zagaya baya. A jikin tudun akwai wani faffaɗan katako a tsaye, an kafa murfin gwangwani a tsakiyarsa da ƙusa. Na kawo butata na zauna a kan kututture. Ondina ta tsaya a ƙofar baya, inda takan tsaya.

Brígido ya juya bindigar a hannu, ya shafa sabon ƙarfen, ya ce tsoho bai manta aiki ba. Ya mayar wa tsohon. Don Atanasio ya sa harsashi ɗaya, da ƙyar ya shiga saboda rawar hannu, ya taka zuwa turken ya jingina. Muka jira. Bakin bindigar yana ta kaɗawa kamar reshe a iska. Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya kalli ɗan'uwansa. Brígido ya ce ko sanyi ne, a kawo wa tsoho mate ya ɗumama.

Don Atanasio ya sauke hannu. Ya juyo, bakin bindigar yana kallon ƙasa.

"Wanda ya sa bututu shi ke harbin farko," ya ce. "Haka mahaifina ya bar mini. Shekara shida ke nan ina cin amanar wannan magana. Ondina, zo ki karɓi aikinki."

Ba wanda ya yi motsi. Ita kanta sai da ta ɗan tsaya, kamar tana ba shi dama ya janye. Sannan ta sauko, ta karɓa, ta wuce turken ba ta jingina ba. Ta ɗaga hannu ta harba. Murfin gwangwanin ya yi ƙara ya juya a kan ƙusarsa.

Mai burodi ya fara tafi, ya ga shi kaɗai ne, ya daina. Fuskar Brígido ta yi ja har wuya. Ya ce shi da bakinsa ya ce ba ya son hannun kowa a kan bindigar mahaifinsa. Don Atanasio ya ce haka ne, ya faɗa, laifin kuma nasa ne ba na yarinyar ba. Ya ƙara da cewa doguwar bindigar da aka gyara wa Brígido bara, da ta maigidansa da aka gyara shekara uku da suka wuce, duk aikinta ne, kuma bai ji an dawo da ko ɗaya ba.

Brígido ya matso. Ya karɓi libarbar a hannun Ondina ba tare da ya kalle ta ba, ya cika ta, ya gyara tsayuwa irin tasa, kafaɗa ɗaya gaba. Ya harba. Murfin bai motsa ba. Ya harba na biyu, ya harba na uku. Ƙura ce kawai ke tashi a bayan katakon.

"To ga shi nan," ya ce. "An kashe mini bindiga. Shekara talatin ban kuskure murfi a wannan nisan ba." Ya juya ga ma'aikatansa ya ce su shaida. Ya ce Laraba ce kasuwar shanu, zai gaya wa duk mai bindiga ya san inda zai kai kayansa.

Ni ba mai shiga maganar mutane ba ne. Amma na ajiye butar, na ce ya buɗe bindigar ya riƙe ta ƙasa, na ja ƙafata zuwa katakon. Ramuka uku na nan a jere, kusa da juna har murfin kwalba zai iya rufe su. Na ɗora tafin hannuna tsakaninsu da murfin gwangwanin. Ya cika wurin daidai, ba ragi ba ƙari. Na bar hannun a nan na juyo na kalle shi.

"Hagu, Brígido," na ce. "Tafi ɗaya. Inda ka auna nan ta je."

Ya buɗe baki zai yi magana, sai ga Don Atanasio ya fito daga shago, ban ma ga shigarsa ba. Yana riƙe da tsohon bututun mai kumburi. Ya tsaya gaban Brígido ya faɗa masa duka, yadda ya faɗa wa 'yarsa: gaggawar kasuwar shanu, gurzar da ta wuce kima, da abin da ya ce wa tsohon Techera don ya rufe kunyarsa. Bai rage komai ba. Har ya faɗi cewa ranar Talata ya roƙi Ondina ta karkata sabon don kada asiri ya tonu, ta ƙi.

"Ba ta da wani hali, ɗan Techera," ya ce. "Karkatacciya ce kawai. Ni na karkata ta."

Brígido ya karɓi tsohon bututun ya juya shi. Ya kalli tsinin, ya kalli tsohon. Ma'aikatan nan biyu suka samu abin kallo a takalmansu.

"Wato shekara talatin da huɗu," ya ce a hankali, "ina yawo gari gari ina cika baki da kuskurenka?"

"Ka iya cika bakin kuwa," in ji Don Atanasio.

Mai burodi ne ya fara fashewa da dariya, ya toshe baki da hannun fulawa har fuskarsa ta yi fari. Brígido ya harare shi, amma gefen gashin bakinsa ya ɗan motsa. Ya ce ashe likitan dabbobin nan da ya yi shekara goma yana yi wa ba'a bai yi laifin komai ba. Ya cusa tsohon bututun a ɗamararsa, ya ce in kauce daga gaban katako in ba so nake ɗaya ƙafar ma ta tafi ba.

Na koma kututturena. Ya rufe bindigar ya ɗaga. Ya daɗe yana aunawa, ya harba, ya sake kuskurewa ta hagu, sai dai wannan karon da yatsa biyu. Hannun da ya saba shekara talatin ba ya sakin sabonsa a safiya ɗaya. Ya yi tsaki.

Ondina ta matso kusa da shi, ta tsaya a bayan kafaɗarsa. Wannan ne karo na farko da na ji ta yi wa mai kaya magana a kan aikinta.

"Don Brígido, hannunka lafiya lau yake, ramukan nan uku sun nuna. Ka ɗora tsinin a kan murfin ka bar shi a nan. Zai yi maka kamar ba daidai ba. Ka ƙyale shi."

Ya yi yadda ta ce. Murfin ya yi ƙara. Saura harsashi ɗaya, ya sake, murfin ya tsinke daga ƙusar ya faɗi.

Bai nemi gafarar kowa ba, kuma ba wanda ya sa ran zai nema. Ya zazzage kwanson harsasan a tafinsa, ya naɗe bindigar a tsummanta, ya sha mate biyu a tsaye yana maganar aladen daji da farashin ulu kamar ba abin da ya faru. Sai da ya hau doki ya ce akwai wata tsohuwar bindigar tsuntsaye a gonar, gindinta ya yi sako-sako, zai aiko da ita ranar Litinin.

Don Atanasio ya tambaye shi a ba wa.

Brígido ya ja linzami ya nuna Ondina da haɓa. "A ba mai harbin farko. Kai kuma ka zauna kusa da gurgu ka taya shi zuba ruwa."

Abin da ya faɗa a kasuwar shanu ban ji da kunnena ba, ƙafata ba ta kai ni can. An ce ya ba da labarin har sau huɗu, kowane karo da ƙari, kuma a cikinsa shi ne ya fara gane bututun a karkace yake. Ko ma yaya ne, kafin ƙarshen watan mutum biyar sun kawo aiki, biyu daga cikinsu sun tsaya a ƙofa sun tambaye ni ko Doña Ondina tana ciki. Wani tsoho ɗaya daga bakin kogi ya ji labarin ya zo ya karɓe bindigarsa ba a taɓa ta ba, ya ce shi dai a'a. Ondina ta naɗe masa ita da kyau ta raka shi ƙofa.

An cire labulen. Don Atanasio ya yi mako guda ba ya yawan magana, daga baya ya jawo bencinsa kusa da taga, inda zaren dalma yake. Yanzu in tana murɗawar ƙarshe shi ke tsayawa a bayan zaren, kuma har yau yana cewa ta tsaya bayan ta riga ta tsaya.

Saura kwana huɗu Agusta ya ƙare ta kawo mini takarda da fensir. Ta ce karatuna ya yi kyau, a ga rubutu kuma. Ta zauna a bakin teburi tana goge wani ƙarfe tana faɗa, ina rubutawa. Gaisuwa ga 'yar'uwarta da mijinta da yara. Godiya ga mai kekunan ɗinki. Sannan ta ce in rubuta cewa aiki ya yi mata yawa a nan, ba za ta samu zuwa ba. Layi shida ya ɗauke ni kusan awa guda, na goge sau uku, ba ta gaggauta ni ba.

Tsohon bututun kuwa, ɗaya daga cikin ma'aikatan gonar ya gaya mini Brígido ya rataye shi a ƙusar nan ta bangon ɗakinsa, libarbar kuma ya saya mata akwati mai murfi. Ya ce zanzaron ya riga ya dawo, Brígido ya hana kowa ya kore shi.